An Sa Masa Raga a Jijiya, Ba a Cire Masa Ciwon Ba

Saƙon ya daɗe yana yawo a wayoyin mutane, kuma duk sa'ad da aka ɗauka ya mutu sai wani ya sake tono shi. A samu ruwan lemon tsami kofi ɗaya, ruwan citta kofi ɗaya, na tafarnuwa kofi ɗaya, khal ɗin tuffa kofi ɗaya, a dafa har ya koma kofi uku, in ya huce a zuba zuma, a riƙa shan cokali guda kullum kafin a karya. Wai da wannan duk jijiyar zuciyar da ta toshe za ta buɗe. Yau a jingina shi ga wani babban likita da ba a taɓa faɗin sunansa, gobe ga wani bawan Allah da har an sa ranar yi masa tiyata a Indiya, ya sha na wata guda, likitoci suka sake dubawa suka riƙe baki.

Da masu lafiya kaɗai ke sha, da ban tanka ba. Damuwata ita ce wayar da saƙon yake sauka a cikinta yanzu. Wayar mutumin da aka sallamo makon jiya ce, bayan an sa masa raga a jijiyar zuciya. Shi dai abin da ya rubuta wa tsofaffin abokan karatunsa a WhatsApp bai wuce layi ɗaya ba, a tsakanin sanarwar wanda aka yi wa haihuwa da ta wanda aka mayar Damaturu da aiki: “Alhamdulillahi an yi aiki lafiya, na dawo gida.” Sai addu'o'i su yi ta zubowa, Allah Ya ƙara sauƙi, Allah Ya sa kaffara ne. Kafin la'asar wani masoyi ya turo haɗin nan, da ɗan ƙarin bayani daga gare shi: “Alhaji, ka jarraba wannan ka huta da ƙwayoyin Bature.” Da zuciya ɗaya ya rubuta. Amma a duk abin da za a faɗa wa mai sabuwar raga, babu maganar da ta kai wannan haɗari.

Galibin masu ba da shawarar ba su san abin da aka yi wa mutumin ba. Sun ji an ce zuciya, sai suka hango wuƙa da ɗinki. A aikin raga ba a tsaga kowa. Mutum yana kwance ido biyu a kan siririn gado, na'urar ɗaukar hoto tana kewaya ƙirjinsa. Likita zai yi masa allurar kashe zafi a wuyan hannu, daidai inda ake taɓawa a ji bugun jini, ko kuma a gindin cinya. Ta nan ake zura siririn bututun roba mai kaurin milimita 2, ya bi jijiya ya haura kafaɗa har bakin jijiyoyin da ke ciyar da tsokar zuciya. Sai a tura wani ruwa mai fitowa a hoto, nan take jijiyoyin su bayyana a allo da rassansu, a ga inda hanya ta tsuke. A nan ake ratsa wata waya da ba ta kai rabin milimita ba, a bi ta kanta da ɗan balan-balan wanda 'yar ragar ƙarfen ke naɗe a jikinsa. In an hura shi, marar lafiya yakan ji ƙirjinsa ya riƙe na 'yan daƙiƙu, domin a lokacin hanyar a rufe take. A sace balan-balan a zare, ragar ta tsaya a buɗe tana tokare da bangon jijiya. Faɗinta milimita 2 zuwa 5, tsawonta sau da yawa bai wuce santimita 2 ko 3 ba. A ɗaure hannun da wani maɗauri na 'yan awoyi, shi ke nan. Wanda ba bugun zuciya ne ya kawo shi ba yakan kwana ɗaya ya tafi gida.

Aikin ba tsoho ba ne. Likita Andreas Gruentzig ne ya fara buɗe jijiyar zuciyar mutum da balan-balan a birnin Zurik na Suwizalan a watan Satumban 1977, marar lafiyar kuma yana farke. Raga ta biyo baya a 1986, aka fara sa ta a Faransa da Suwizalan. Wadda aka shafa wa magani don hana tsoka sake cike ta kuwa sai a 2002 ta shiga kasuwar Turai, Amurka a 2003, kuma irinta ake sa wa kusan kowa yau. Wannan daban, tiyatar da ake tsaga ƙashin ƙirji a ciro jijiya daga ƙafa ko ƙirji a kewaye toshewar daban. Canza ƙofar zuciya ma daban, haka na'urar daidaita bugu mai batir da ake binnewa a ƙarƙashin fata. Kowanne da irin jinyarsa, amma a majalisa duk a tukunya ɗaya ake zuba su. Shi ya sa za ka ji ana gargaɗin mai raga kada ya sa waya a aljihun gaba, alhali ragar ba batir gare ta ba. Wani ya ce za ta yi tsatsa, wani ya ce za ta zame in ya yi sujada, wani ya ce za ta yi ƙara a filin jirgi ranar tafiya Umara. Ko ɗaya ba gaskiya. Ƙarfen da ake yin ta da shi ba ya tsatsa, kuma da tafiya ta yi tafiya fatar cikin jijiya ce ke lulluɓe ta, ta zama ɓangaren bango.

Tushen ruɗanin shi ne yadda muke hasashen toshewar. Muna ɗauka wani maiƙo ne ya taru a tsakiyar hanya, wanda in aka kora masa abu mai tsami zai narke ya wuce. Ciwon ba a tsakiyar hanya yake ba, a cikin bango yake. Duk wanda ya tashi a unguwar gidajen ƙasa ya san yadda katanga ke yi in danshi ya shige ta. Daga waje yaɓe lafiya lau, amma ƙasar da ke ƙarƙashinsa tana jiƙa tana kumbura shekara da shekaru, har katangar ta yi ciki ta turo cikin lungu, mai kura ya kasa wucewa. Ko sau goma za a share lungun a rana, ko a kwarara masa ruwa, cikin katanga yana nan. Haka kitsen jini yake kutsawa ƙarƙashin fatar jijiya, jiki ya turo ƙwayoyin yaƙi, wurin ya kumbura, ya yi tabo, wani lokaci har ya ƙandare. Hawan jini da suga da taba su ne danshin. Ranar da yaɓen ya fashe, jini yana ganin rauni sai ya daskare a wurin, cikin mintoci lungu ya rufe ruf. Wannan shi ne bugun zuciya. Kuma sau da yawa ba inda katangar ta fi turowa ne ke fashewa ba, wani gefen ne da ba a damu da shi ba.

Raga azara ce da aka tokare katangar da ita a wuri ɗaya. Ta buɗe hanya, jini ya wuce, ciwon ƙirji ya lafa, mutum ya ji kamar an sauke masa kaya. Amma santimita 3 ta tokare, katangar kuwa doguwa ce, manyan jijiyoyi uku da rassansu, kuma danshin da ya kumbura wancan wurin bai fasa aikinsa a sauran ba.

Shi kuwa lemon tsami da khal, ko kusa da katangar ba sa zuwa da tsaminsu. Ruwan da ke cikin tumbin ɗan Adam ya fi su tsami, kuma da zarar abinci ya gangara hanji jiki yake kashe tsamin. Jini yana da ma'aunin da ba ya yarda a gusar da shi, tsakanin 7.35 da 7.45, huhu da ƙoda suna gadinsa dare da rana. Da jini zai yi tsamin da zai narkar da abin da ya ƙandare a bangon jijiya, da mai jinin ya riga shi tafiya. Tafarnuwa ma an gwada ta. A 2007 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun wallafa sakamakon mutum 192 da aka bi wata 6, wasu na cin ɗanyar tafarnuwa, wasu ƙwayoyinta, wasu ƙwayar da ba komai a cikinta. Mugun kitsen jininsu bai motsa ba. A ci tafarnuwa a miya don daɗinta. Maganin rage kitse da likita ya rubuta kuwa an auna shi a kan dubban ɗaruruwan mutane: duk maki ɗaya da ya sauke a awon mugun kitse, haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin biyar.

Don kada a ce na zage ina tallar raga, su kansu likitoci sai da bincike ya rage musu zumuɗi. Wani babban gwaji da aka wallafa a 2007 a kan mutum 2,287, da wani a 2020 a kan mutum 5,179, sun nuna cewa ga wanda ciwonsa ke zaune lafiya, wato ƙirji na riƙewa in ya yi aiki ya saki in ya huta, sa raga bai fi shan magani yadda ya kamata hana mutuwa ba. Abin da ta fi yi masa shi ne rage ciwon. Inda raga ke ceton rai ƙiri-ƙiri shi ne lokacin da bugun zuciya ya auku ana neman buɗe hanya da gaggawa. A duka gwaje-gwajen nan, har waɗanda aka sa wa ragar ba su bar magani ba. Ba a taɓa samun gwajin da ya ce raga ta isar ba.

Ga inda abin ya fi tsanani. A watannin farko, kafin fata ta gama rufe ragar, ƙarfe ne tsirara a cikin jini. Akwai ƙananan ƙwayoyin jini waɗanda aikinsu ke nan su taru su liƙe duk inda suka ga rauni ko baƙon abu. Don a hana su taruwa a kan ragar ake ba mutum magungunan tsinka jini guda biyu a tare: ƙaramin asfirin, irin su Vasoprin, da abokin tafiyarsa, wanda a kwali za a ga an rubuta Clopidogrel ko Ticagrelor ko Prasugrel. A ƙa'ida wanda ya yi bugun zuciya yakan sha biyun wata 12, wanda ba haka ba wata 6, likita na iya ragewa ko ƙarawa gwargwadon haɗarin zubar jini, daga nan a ci gaba da guda ɗaya. In aka yanke su tun lokaci bai yi ba, ƙarfin maganin yakan bi jiki ya fita cikin kwanaki kaɗan, kuma ragar tana iya toshewa farat ɗaya. Ba a hankali take yi ba, ba ta kuma yin sallama.

An ƙidaya wannan a Amurka. A wani bincike da aka wallafa a 2006, an bi mutum 500 da aka sa wa raga bayan bugun zuciya. Cikin wata guda, 68 daga cikinsu sun daina shan magani na biyun. A watanni 11 da suka biyo baya, kashi 7.5 cikin 100 na waɗanda suka daina sun rasu, a waɗanda suka ci gaba kuwa kashi 0.7. Ninki goma ke nan. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne su wane ne suka daina: waɗanda suka fi tsufa, waɗanda karatunsu bai yi nisa ba, marasa aure, masu gudun asibiti saboda kuɗi, da waɗanda ba a zaunar da su an yi musu bayani ba ranar sallama.

Kowane ɗaya daga cikin dalilan nan akwai shi a wurinmu, har da ƙari. Mutum ya sayar da fili ko gona, dangi sun yi karo-karo, an tafi Abuja ko Legas ko Alƙahira an yi aiki. Kowa ya ɗauka an gama kashe kuɗi, ashe tsugune ba ta ƙare ba, ga magani kala biyar ko shida kowane wata. A 2023 kamfanin Sanofi mai yin Plavix, wato Clopidogrel, ya sanar da cewa zai daina harkar kai-tsaye a Najeriya ya miƙa wa dillali, watanni kaɗan bayan kamfanin magunguna na GSK ya yi haka, ga kuma faɗuwar naira. Wanda ke sayen magani da aljihunsa ya ji a jikinsa, kuma a ƙasar nan sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihu yake fita. An yi dokar inshorar lafiya ta 2022 wadda ta ce kowa sai ya shiga, a 2024 aka sa hannu a umarnin ɗauke haraji a kan kayan haɗa magunguna. A takarda duk sun yi kyau. Ɗan fansho da ke tsaye gaban kanta yana lissafin wanne zai bari a cikin shida bai ga alama ba tukuna. Kuma da yake ba wanda ya gaya masa wanne ne ba a taɓawa, sai ya bar mafi tsada, wanda sau da yawa shi ne na tsinka jinin. Tun ranar 1 ga Fabrairun 1974 aka yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a Najeriya, a asibitin koyarwa na Inugu. Sama da shekara hamsin bayan nan, har yau takardar sallama da Turanci ake rubuta ta, a miƙa wa dattijo a tsaye, a ce ya dawo bayan wata guda. Minti goma na bayani da harshen da yake ji ba ya bukatar kasafin kuɗi.

In kuɗi bai hana ba, shawara ta hana. “Yaya, ƙwayoyin nan sun yi maka yawa, za su kashe maka ƙoda.” “Kai da ka warke, me za ka yi da magani?” Wani kuma ya ga dasashinsa na jini in ya yi asuwaki, ko ɗan ƙurji ya yi shuɗi a hannunsa, sai ya tsorata ya ajiye. Irin wannan ƙaramin jini sananne ne, a gaya wa likita, amma ba dalilin dainawa ba ne. Wanda ake gudu asibiti dominsa shi ne bayan gida baƙi ƙirin, ko aman jini, ko haɓon da ya ƙi tsayawa. Haka in za a cire haƙori ko a yi wata tiyata, ba mai cire haƙorin ne zai ce a dakatar da magani ba sai an tuntuɓi likitan zuciyar.

Sai kemis ɗin unguwa, inda ake haɗa wa mutum na ciwon jiki a ƙulla a leda. A cikin haɗin nan da wuya a rasa Diclofenac ko Ibuprofen ko Feldene. Ga mai shan magungunan tsinka jini biyu, waɗannan suna iya fasa masa ciki da jini, suna ɗaga hawan jini, suna kuma ƙara haɗarin wani bugun. Farasitamol ya ishe shi. Ƙaho ma, ko na wanzami ko na zamani, tsaga fata ne, mai irin wannan magani ya tambaya kafin ya miƙa baya. Akwai kuma wanda ba a faɗa a gaban yara: maganin ƙarfin maza. Mai amfani da maganin ciwon ƙirjin nan da ake sawa ko a fesa a ƙarƙashin harshe, in ya haɗa shi da Viagra ko danginta, jininsa na iya faɗuwa warwas. Kuma an sha kama haɗe-haɗen da ake tallatawa da sunan na gargajiya ne zalla alhali an barbaɗa musu wannan sinadarin. Batun azumi kuwa a kai shi gaban likita tun Sha'aban. Maganin da ake sha sau ɗaya a rana ana iya mayar da shi buɗa-baki, na sau biyu yana bukatar tsari, wanda kuma bai daɗe da yin bugun zuciya ba galibi akan ce ya dakata, addini ma ya ba shi rangwame.

Ɗaya kuskuren kishiyar wannan sakaci ne, kuma daga cikin gida yake fitowa. An dawo da maigida, sai a mayar da shi ƙwai. Kada ya tashi, kada ya sunkuya, a kawo masa buta har bakin gado, masallacin ƙofar gida ma an hana. Likitocin da ma haka suke yi: har zuwa wajen 1950, mai bugun zuciya mako shida yake yi a kwance. A 1952 likitoci biyu a Amurka, Samuel Levine da Bernard Lown, suka nuna cewa zaunar da shi a kujera ya fi masa, aka yi ta yi musu kallon masu ganganci. A 1966 a birnin Dalas aka kwantar da samari biyar lafiyayyu masu shekara 20 a gado na mako uku. Da suka tashi, ƙarfin zuciya da huhunsu ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30 aka sake auna mutanen nan, aka tarar tsufan shekara 30 bai yi musu ɓarnar da kwanciyar mako uku ta yi ba.

Wanda aka bi ta hannunsa, abin da ake hana shi shi ne ɗaukar kaya mai nauyi da hannun na kamar mako guda. Wanda aka tsaga wa ƙirji sai ƙashi ya haɗe, mako shida zuwa goma sha biyu. Amma dukansu tafiya ake so su fara tun da wuri, daga tsakar gida zuwa ƙofa, zuwa masallaci, ana ƙarawa a hankali har ta kai rabin awa a yawancin ranakun mako, da safe ko da yamma in rana ta yi sanyi. Awonsa mai sauƙi ne: yana tafiya yana iya hira. In ƙirji ya riƙe ko numfashi ya gagara, ya tsaya, ya sanar da likita. Masu kallon ƙwallo ba su manta Nwankwo Kanu ba. Bayan zinaren gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 likitocin Inter Milan suka gano matsala a ƙofar zuciyarsa, aka tsaga shi a Amurka a ƙarshen shekarar. A 1999 yana Arsenal ya zura wa Chelsea uku cikin minti 15, ya kuma sake zama gwarzon Afirka. Ciwonsa daban ne, kuma saurayi ne a lokacin, ba a ce dattijo ya bi sahunsa ba. Amma ko shi bai yi sallama da likita ba, a 2014 sai da aka sake yi masa gyara.

Ka shiga falon mai jinya ranar Asabar da hantsi ka ga dubiya. Takalma sun cika ƙofa. Kuloli jere a gefen kujera: farfesun kayan ciki, ganda, romon kai da man shanu na yawo a sama, ledar kilishi, katan ɗin lemon kwalba. “Alhaji, daure ka sha romon nan, shi zai mayar maka da jini.” Shi kuwa jinin da ya zubar a aikin bai taka kara ya karya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a rana kada ya kai giram 5, kimanin ƙaramin cokalin shayi, kuma kusan rabin ɗunƙulen da ake marmasawa a miya gishiri ne, kanwa ma 'yar gidansu ce. Tun safe yana zaune yana amsa “ya jiki”, yana maimaita labarin aikin ga kowane sabon shigowa, lokacin magani ya wuce ba wanda ya lura. A cikin masu zuwa kuma ba a rasa mai labarin wani da aka yi wa irin aikin nan, bai yi wata uku ba. Da masu kulolin nan za su haɗa kuɗin su sayi maganin wata biyu, ko ɗaya ya ɗauki nauyin zuwa kullum bayan la'asar su taka tare, da an ga amfanin zumunci. In abokin majalisa yana shan taba ko shisha, mafi girman alherin da zai yi masa shi ne kada ya kunna a gabansa.

Bayan baƙi sun watse akwai abin da mai jinyar ba ya rubutawa a waya. Kusan mutum ɗaya cikin biyar da suka yi bugun zuciya sukan faɗa cikin ciwon damuwa mai tsanani. Barci ya ƙaurace, kowane ɗan motsi a ƙirji ya zama abin firgita, mutum ya daina sha'awar kasuwa da hira. Mu kuma da mun ga haka sai mu ce ya rage tawakkali. Ciwo ne da ake magani, kuma mai shi ya fi kowa saurin watsar da ƙwayoyinsa. Har kusantar iyali wasu ke bari don tsoro, su kasa tambaya don kunya, alhali amsar likitoci gajeriya ce: wanda zai hau bene hawa biyu ba tare da ciwon ƙirji ko haki mai tsanani ba, galibi babu laifi.

Saura ranar da ciwon zai dawo, domin yana iya dawowa. A nan ne kalmar olsa ta cinye mutane da yawa. Nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji, wanda ke iya miƙewa zuwa hannu ko muƙamuƙi ko baya, da gumi mai sanyi, da tashin zuciya, sai a ce gyambon ciki ne ya motsa, a aika yaro ya sayo na ruwa, a ce bari gari ya waye. Mata da masu ciwon suga ma wani lokaci ba sa jin ciwon sosai, sai kasala da haki. Wani bincike da Farfesa Simeon Isezuo na asibitin koyarwa na Sakkwato ya jagoranta ya tattara bayanan mutum 1,072 da suka zo asibitocin Najeriya da irin wannan matsala tsakanin 2013 da 2018. Waɗanda suka iso cikin awa 12 ba su kai huɗu cikin goma ba, waɗanda motar asibiti ta kawo kuwa kimanin 12 cikin 100 ne. Tsokar zuciya tana fara mutuwa ne tun a awa ta farko, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa.

Saboda haka mai raga in ya ji ciwon da ya yi kama da na farko, ya zauna, ya sa na ƙarƙashin harshe in an ba shi. In minti biyar ta wuce bai saki ba, a fita da shi, kuma ba shi zai tuƙa ba. Tun yana lafiya ya kamata iyali su san asibitin da ke da na'urar awon bugun zuciya mai aiki da dare, da maƙwabcin da za a buga wa ƙofa don mota. Ko asibitin ba ya sa raga, akwai allurar narkar da gudan jini da ake yi in an iso da wuri. A can abin da za a fara tambaya shi ne yaushe aka sa ragar, waɗanne magunguna yake sha, yaushe ya sha na ƙarshe. Mai ciwon ba lallai ya iya magana ba, don haka a tabbata Hajiya ko babban ɗansa sun san amsar, kwalayen maganin kuma suna cikin motar.